Tambaya da Amsa: Na haɗa rimiks, yaya zan nemi manya su saurara mini?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a unguwar Zariya, nan Maraɗi. Wata huɗu ke nan da na fara koyon haɗa kiɗa da manhajar FL Studio a kwamfutar yayana. Na ɗauki muryar wata waƙar biki na ɗora mata sabon kiɗa, wato rimiks. Na tura wa masu situdiyo uku da ƴan fadarmu, na rubuta "ku saurara ku ba ni shawara". Ƴan fada sun ce wuta ce, masu situdiyo kuwa ko ɗaya bai tanka ba. Raini ne, ko ni na yi kuskure?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanenmu. Da wuya ya zama raini. Saƙon naka ne ba shi da bakin kamawa. Mai situdiyo yana wuni da sauti a kunne, in dare ya yi kunnen ya gaji. Ka turo masa waƙar minti huɗu da "ba ni shawara", ka ɗora masa aikin gano abin da kake son sani, sannan ya amsa. Sai ya ce bari sai an jima, an jiman nan kuwa ba ta zuwa. Ƴan fada kuma, Allah ya bar zumunci, amma wanda kuke shan shayi tare ba zai ce maka bas ɗinka, wato sautin nan mai kauri, ya cinye murya ba.

Fara da mutum ɗaya, ba uku a lokaci guda ba. Ka yi sallama, ka faɗi ko kai wane ne da wanda ya ba ka lambarsa, ka nemi izini kafin ka tura komai. In ya ce turo, to a nan yawancin masu koyo ke ɓata rawarsu da tsalle: su kunna waƙar a lasifika, su kara salula, su ɗauka a matsayin saƙon murya. Abin da zai isa kunnen mutumin ba aikinka ba ne, ƙarar fanka ce da amsa-kuwwar ɗaki, ga shi WhatsApp ya matse sautin. Ka fitar da waƙar daga kwamfuta kai tsaye, ka tura ta yadda ake tura takarda, don ta isa yadda take. Fayil ɗin MP3 mai inganci 320 kbps ya wadatar a wannan mataki: waƙar minti 4 ba ta cika mega 10 ba. WAV, wato fayil ɗin da ba a matse ba, na cin kusan mega 10 a kowane minti, kada ka ƙone wa bawan Allah kuɗin intanet sai in shi ya nema. Ka sa wa fayil ɗin suna mai ma'ana, sunanka da na waƙar da lambar gwaji, ba "sabo na ƙarshe 2" ba.

Sai bayanin da zai raka shi. Abu huɗu yake bukata: saurin waƙar ta asali da saurin da ka mayar da ita, inda ka samo muryar, abin da ka saurara da shi lokacin haɗawa, da tambaya guda ɗaya mai ɗauke da minti da daƙiƙa. Ga misali:

"Malam, barka da aiki. Ga gwajin da na ce zan turo. Waƙar tana kan bugu 100 a minti, na kai ta 105. Muryar da manhaja na cire ta daga waƙar, ba daga situdiyo na samo ba. Da abin kunne na haɗa, ba ni da lasifikar aiki. Daga 1:10 zuwa 1:35 ina jin amshin yana nutsewa in ganga ta shigo. Ƙarar ganga ce ta yi yawa ko muryar ce ke bukatar gyara? Duk lokacin da ka samu sarari, ba gaggawa."

Wannan saƙon daƙiƙa 25 kawai ya roƙa, kuma wanda ya san aiki zai iya amsa shi yana tsaye bakin masallaci. Sau da yawa ma in ya ji wurin, sai ya zarce ya ji sauran don kansa.

Kafin ka tura, akwai abin da kunya ce a ce wani ne ya nuna maka. Dubi ma'aunin ƙarar gaba ɗaya: in yana taɓa ja, ya haura sifili, sautin zai fashe, kuma shi ne abu na farko da za a gaya maka, an ɓata damar. Sauke komai har ƙololuwar ta tsaya wajen 6 ƙasa da sifili. Sannan ka ji waƙar a wuri uku: abin kunne, bakin salula, da irin lasifikar da ake kai wa biki. Bakin salula ba ya fitar da bas mai zurfi, shi ya sa mai haɗawa da shi ke ta ƙara bas bai sani ba, sai ranar da aka sa a babbar lasifika a ji kamar tirela ta bi ta tsakar gida.

In ka tura, ka yi haƙuri mako guda. Tuni sau ɗaya ya isa, cikin ladabi. Alamar tambaya da "ka gani?" kowace safiya, ko kira bayan sha biyun dare, su ke sa a rufe lambar mutum.

Tambaya: Gaisuwa da fatan alheri. Daga Tibiri nake rubutowa. Na ɗora kiɗan zamani kan wata tsohuwar waƙar kalangu, na kai wa wani babba a harkar. Ya ji rabi ya ce "muryar ba ta zauna ba, kuma kin karya Hausar". Na yi ta yi masa bayani, sai ya yi shiru. Me yake nufi, kuma yanzu yaya zan koma?

Amsa: Ƙanwarmu, mutumin nan ya ba ki abu mai tsada cikin jimla ɗaya. Mu warware ta.

"Ba ta zauna ba" magana ce ta lokaci. Tsofaffin makaɗa ba su yi aiki da agogon bugu na kwamfuta ba, wato mai ƙirga saurin kiɗa, hannu da numfashi suke bi. Waƙa kan fara a hankali, in ta yi daɗi ta ƙara wuta. Kiɗan kwamfuta kuwa ba ya gusawa ko kaɗan. Ko da bambancin bugu ɗaya ne a minti, misali 100 da 101, in minti guda ya cika murya ta zame da bugu guda cur. Don haka jan muryar baki ɗaya a daidaita farkonta ba ya magani. Yanka ta za ki yi baiti-baiti, wani wurin ma layi-layi, ki ɗora kowane yanki kan bugunsa, kina kunna agogon bugu kina ji. Aiki ne mai cin rai, waƙa ɗaya na iya cinye yini. Ki kuma lura da tafiyar kiɗan: da yawa daga kiɗan kalangu uku-uku yake tafiya, in kika shimfiɗa masa kiɗa mai tafiya huɗu-huɗu, za su yi ta taka ƙafar juna ko da saurinsu ɗaya ne.

"Kin karya Hausar" ta fi nauyi. Hausa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali, kuma mawaƙi kan su yake gina waƙarsa. In kika ja gaɓa ɗaya don ta cika bugu, garin da mutane ke zaune ciki sai ya koma garin tuwo. In kika sa na'urar gyaran murya da ƙarfi ta daddale hawa da saukar muryar, kalmomi su fita kamar a bakin baƙo. Ja ko matsewa da bai wuce kashi 5 cikin 100 ba yawanci kunne ba ya kamawa. Daga bugu 100 zuwa 120 kuwa murya za ta yi rawa kamar daga cikin ruwa. Haka ɗaga murya sama da rabin mataki biyu ko uku a tsanin sauti, dattijo ya koma yaro. Abin da ya fi sauƙi: ki kai kiɗanki wajen muryar, ki nemo amon da take kai ki gina a kansa.

Batun komawa kuwa, kuskuren shi ne bayanin da kika yi. Wanda zai ji waƙar a kabu-kabu ko wurin biki ba za ki bi shi da bayani ba. In an yi miki gyara, tambaya ɗaya ce taki: "A wane minti ka fi jin haka?" Ki rubuta, ki yi godiya. Ba dole ki bi kowace shawara ba, amma in mutum biyu da ba su san juna ba suka nuna wuri ɗaya, akwai abu a wurin. Kada ki koma da ban-haƙuri mai tsawo. Gyara baiti ɗaya, ki tura masa daƙiƙa 30 ki ce: "Baba, ga abin da ka ce, na gwada a baitin farko. Ya zauna?"

Tambaya: In an yaba, zan iya sa sunana in kai wa masu turin waƙa a kasuwa, ko in ɗora a YouTube? Daga Sabon Gari, Maraɗi.

Amsa: Tura wa malami ya ji daban, saki ga duniya daban. Muryar da waƙar na mai su ne, sabon kiɗanka bai mayar da su naka ba. Ka nemi izinin mawaƙin, in ya rasu ka nemi magadansa, kuma ka samu amsar a rubuce ko a saƙon murya da za ka adana. A Nijar hukumar BNDA ce ke kula da haƙƙin mawaƙa da marubuta, can ake tambayar ƙa'ida. YouTube na da na'urar gane waƙoƙin da aka yi wa rajista, tana iya toshe naka ko ta juya kuɗin talla ga mai waƙar. Sunan mawaƙin ya zo gaba, naka a baya, kuma ka daina kiran sunanka kowace daƙiƙa 20 a kan muryar mutane; sau ɗaya a farko ya isa. Waƙar yabon Manzon Allah ko ta wa'azi kuwa kada ka ɗora mata kiɗan rawa, ko da gwaji ne, don abin da ya shiga salula biyu a Maraɗi gobe yana Jibiya.