Uban da ya karya hannun ɗansa, alƙali ya yi masa ɗaurin je-ka-gyara-halinka

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Daga Ƙaura Namoda nake. Tsohon mijin ƙanwata ya ɗaure ɗansu mai shekara 9, ya doke shi da wayar wuta da icce har hannu ya karye, wai don ya ɓatar da kuɗin aike. Alƙali ya yanke masa wata 6, amma ya jingine ɗaurin, ya sa jami'in jin daɗin jama'a ya riƙa duba shi. In ya sake, a tura shi gidan yari. Malam, wannan ba wasa da shari'a ba ne?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya ba yaron lafiya.

Abin da mutumin nan ya yi zalunci ne, ko da ya kira shi tarbiyya. Hadisin Abu Dawud da ake fakewa da shi ya yi maganar duka ne a kan sallah, shi ma sai yaro ya kai 10. Malamai kuma sun sa masa sharaɗi: kada ya fasa fata, kada ya karya ƙashi, a nisanci fuska. Nana A'isha ta ce Manzon Allah (SAW) bai taɓa dukan mace ko mai yi masa hidima da hannunsa ba, Muslim ya ruwaito. Mutanenmu na son cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. To, tanƙwarawa aka ce, ba karyawa ba.

Hukuncin alƙali kuwa, ɗan'uwa, bai saɓa wa shari'a ba. Wannan laifi ba ya cikin haddi irin na sata ko zina, wanda in ya tabbata gaban hukuma ba mai ikon sassautawa. Ta'aziri ne, wanda aka bar wa alƙali ya auna. Shehu Halilu a Mukhtasar ya jero nau'o'insa: tsarewa, zargi da baki, tsayar da mutum a gaban jama'a, tuɓe masa rawani, bulala. Wanda aka ba damar ya tsaya a kan faɗa kawai, ai yana da damar ya rataya ɗauri a wuyan mai laifi ya ce in ka kuma zai faɗo maka. Ko a haddi ma, Annabi (SAW) ya jinkirta wa matar nan Bagamidiya, wadda ta amsa laifin zina, har ta haihu ta yaye, saboda jaririn. Can jinkiri ne kawai, amma ya nuna ana duba makomar yaro lokacin hukunta iyayensa. In aka kulle uba wata 6, wa zai ciyar da sauran ƙannen? Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ma, a sashe na 460, ta yarda da jingine ɗauri, ban da laifin makami, ko na lalata, ko wanda hukuncinsa ya haura shekara 3.

Inda nake so ka sa ido shi ne nan. Abin da alƙali ya jingine haƙƙin hukuma ne. Haƙƙin yaron ba ya jinginuwa. A mazhabarmu zama uba yana iya ɗauke ƙisasi, amma ba ya ɗauke diyya. Malik ya kawo a Muwaɗɗa labarin Ƙatada na Banu Mudlij, wanda ya jefi ɗansa da takobi, ya same shi a ƙafa, jini ya zuba har ya rasu. Sayyidina Umar ya karɓi raƙuma 100 daga hannunsa, 40 daga ciki masu ciki, ya miƙa wa ɗan'uwan mamacin, uban bai ci ko ɗaya ba. Don haka a tilasta masa biyan kuɗin magani, in kuma hannun ya warke da nakasa, ku koma kotu a ƙiyasta abin da zai biya, a ajiye wa yaron.

Sai wurin zama, wanda shi ne ya fi damuna. Amana sharaɗi ce ta riƙon yaro, kuma a Malikiyya riƙon ɗa namiji har ya balaga na uwa ne. In ta yi aure ya koma ga mahaifiyarta, sannan 'yar'uwar uwar. Ban ga hikima ba a ce an sa wa uba ido, alhali yaron na kwana ɗaki ɗaya da wayar da aka doke shi da ita. Jami'in da ke leƙowa sau ɗaya a wata ba zai ga abin da ake yi da dare ba. Ku nemi kotu ta mayar da shi hannun uwarsa, ko kakarsa in uwar ta yi aure, ciyarwa na kan uban, a sa mai unguwa da limami da 'yan Hisba cikin masu lura. In ya sake ɗaga masa hannu, kada kunyar surukuta ta hana ku kai rahoto, a lokacin zartar da ɗaurin shi ne daidai.

Allah ne mafi sani.