Tambaya da Amsa: Ko Fitilar Mai Ƙofa Huɗu Za Ta Shiga Mai Ƙofa Biyu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da Honda Accord ƙirar 2009 mai ƙofa biyu. Wata danfo ta goge ni a Oshodi, ta fasa fitilar gaba ta hagu, ta kuma lotsa fenda. Na je kasuwar Ladipo, sai na tarar kayan mai ƙofa biyu sun yi wuya kuma da tsada, amma wani mai shago ya ce in ɗauki na mai ƙofa huɗu, fanel bita zai daidaita mini. Shin in saya? Daga wani mai karatu a Agege.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya kiyaye gaba. Shawarata ita ce kada ka saya, domin a zubin Accord na 2008 zuwa 2012, wanda 'yan Legas ke yi wa laƙabi da Evil Spirit, motocin biyu sun yi tarayya a suna da inji, amma kowace da irin jikinta. Tazarar da ke tsakanin tayar gaba da ta baya ma ta bambanta: milimita 2800 ce a mai ƙofa huɗu, 2740 a mai ƙofa biyu. Fitilar taka ta fi siranta, kuma fenda da bonet da bamba duk an yanka su ne don su bi bakinta, saboda haka idan aka sauya guda ɗaya, sauran ukun ba za su zauna daidai ba.

Mai shagon ba lallai ne yana nufin cutarka ba. A zubin da ya gabata, na 2003 zuwa 2007, wato End of Discussion da Discussion Continues, fitilar gaba iri ɗaya ce a motocin biyu, kuma 'yan kasuwa da yawa sun riƙe wannan a ka, suna zaton haka abin yake har yanzu.

Abin da ake kira daidaitawa shi ne ya fi damuna. Na taɓa tsayawa a wani gareji ina kallon yadda aka yanke kunnuwan fitila, wato inda ake ɗaure ta a jikin mota, aka huda sababbin ramuka, aka ɗaure ta da waya, sannan aka cike giɓin da fila aka fesa fenti. Ranar da motar ta fita sai ka rantse daga kamfani take. Bayan damina guda a ramukan Legas, fila ta tsage, ruwa ya taru a cikin gilashin, hasken kuma ya koma duban sama yana kashe wa masu tahowa ido. Ga kuma soket ɗin waya da ba ya shiga, wanda ke sa mai wayarin ya yanke ya haɗa da salatif.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka bi lamba. A lambar shasi mai haruffa 17 da ke ƙasan gilashin gaba, mai ƙofa huɗu tana ɗauke da CP, taka kuwa CS. A lambar kayan gyara ta Honda ma, tsakiyarta TA0 ce ga mai ƙofa huɗu, TE0 ga mai ƙofa biyu. Ka cire fasasshiyar fitilar ka tafi da ita, ka ajiye ta kusa da wadda za a sayar maka, ka gwada kunne da kunne, kuma ku yi yarjejeniya cewa za ka mayar idan ba ta shiga ba. Idan Ladipo ta gagara, ka leƙa kasuwar kayan gyaran mota ta ASPAMDA da ke Trade Fair a hanyar Badagry. Ka tabbata kuma tokumbo ce ta Amurka, domin Accord ɗin Turai ta waɗannan shekarun wata mota ce dabam, fitilar Ingila ko Japan kuwa an saita ta ne don masu bin hannun hagu na titi, mu kuma tun 1972 muke bin dama.

Kayan inji, irin su filogi da matatar mai, galibi suna shiga juna idan girman injin ɗaya ne, don haka a nan ba ka da matsala. Fendar kuwa, idan ba ta yage ba, gara gwanin fanel bita ya buge maka taka ta asali, ka tara kuɗin a kan fitilar. Honda ta daina ƙera Accord mai ƙofa biyu bayan ƙirar 2017, saboda haka idan ka dace da ta hagu mai kyau kuma aljihu ya yarda, ka haɗa da ta dama ka ajiye.