Amsa ga mai tambaya kan koyon hoton ciki na masu juna biyu

Assalamu alaikum. Dokta, ka ce an kawo na'urar hoton ciki a asibitin da kake aiki a wata ƙaramar hukuma, kana tambaya ko kwas ɗin mako biyu zai ishe ka ka fara duba masu juna biyu. Na daɗe ina wannan aiki a nan Sakkwato, kuma abin da zan ce maka shi ne ka je kwas ɗin, amma ka ɗauke shi a matsayin mafari kawai, domin abin da ake koya a aji daban ne da abin da hannu da ido suke koya a gefen gadon mara lafiya.

Ƙungiyar ISUOG, ta ƙwararrun hoton ciki a fannin mata da haihuwa na duniya, wadda ke da cibiya a Landan, ta ba da shawarar cewa mai koyo ya yi aƙalla awa 100 yana duba mata a gaban ƙwararre, ciki har da hoton masu juna biyu guda 100, kafin a bar shi shi kaɗai. Darussanta na matakin farko suna nan a intanet, haka ma na Fetal Medicine Foundation, gidauniyar da ke horarwa kan lafiyar ɗan tayi, sai dai ba su maye gurbin malamin da zai tsaya a bayanka ya ce ka karkata hannu kaɗan. Saboda haka ka nemi izinin zuwa sashen hoto ko sashen mata da haihuwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ka buɗe littafi kana rubuta kowane hoton da ka ɗauka, wani babba yana sa hannu.

Abin da matanmu suka fi buƙata daga gare ka ba mai wuya ba ne. Ka tabbatar cikin yana cikin mahaifa, zuciyar ɗan tayi tana bugawa, ɗaya ne ko tagwaye, ina mabiyiya take, yaya kwanciyarsa, kuma watansa nawa. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yi wa kowace mai ciki hoto sau ɗaya kafin mako 24, kuma babban dalili shi ne ƙididdigar kwanaki. Wannan ya fi damun mu a nan, domin mata da yawa ba sa zuwa awo sai ciki ya tsufa, wasu kuma cikin ya shiga suna shayarwa, ba su da ranar al'adar ƙarshe da za su faɗa maka. Awon tsayin tayi a watanni ukun farko ba ya kuskure fiye da mako ɗaya, amma a watannin ƙarshe awon kai da ciki da ƙashin cinya yana iya kauce wa gaskiya da mako uku. Na sha karɓar mata da takardu biyu ko uku, kowace da ranar haihuwa daban, saboda duk wanda ya duba sai ya sake lissafi. Ranar da hoton farko ya bayar ita ake riƙewa.

Ka kula da mabiyiya sosai. Mafitsara idan ta cika da yawa tana iya nuna maka kamar mabiyiya ta rufe bakin mahaifa, sannan yawancin mabiyiyar da ake gani a ƙasan mahaifa a mako 20 sukan yi sama daga baya, don haka ka sake dubawa wajen mako 32 kafin ka tayar wa iyali hankali da maganar tiyata.

Binciken nakasar halitta da ake yi tsakanin mako 18 zuwa 22, wato duba ɗakunan zuciya huɗu da ƙwaƙwalwa da ƙashin baya da ƙoda, mataki ne na gaba, kuma ban ga dacewar ka rubuta cewa komai lafiya ba alhali ba a horar da kai a kansa ba. Ka rubuta abin da ka duba, abin da kake shakka kuma ka tura shi gaba tare da hotunan da ka adana.

Za a matsa maka da tambayar namiji ne ko mace, sau da yawa tun ba ka gama awo ba. Ni nakan ce su yi haƙuri in gama duba lafiyar ɗan, kuma idan kwanciyarsa ba ta ba ni damar gani ba, ina faɗa musu hakan kai tsaye. Allah ya yi maka jagora.