Su wa ke yarda a yi hayar mahaifarsu?

'Yar'uwa kin tambaya wai wace irin mace ce ke yarda ta ɗauki cikin wasu don a biya ta. Wallahi yawancinsu iyaye ne, don likitoci sun fi son wadda ta taɓa haihuwa lafiya, kuma talauci ke tura su, bashi ya yi katutu, ga kuɗin haya, ga na lakwal ɗin yara. Ni nan Yamai ina ganin zawarawa masu tuyar ƙosai tun asuba, ribar jika guda ma da ƙyar, shi ya sa ba na saurin zagin kowa. Indiya ta hana yin hayar mahaifa don kuɗi a 2021 saboda yadda dillalai ke cin gumin matan, malamanmu kuma galibinsu sun haramta shi saboda nasaba.