Yaya, ba rowa ce ta sa muke hana yara lemo ba

Yaya, ba ke kaɗai ke tambayar ko rowa ce ta sa muke hana yara lemo ba. Duk ɗan Damagaram da ke zaune a Faransa, in ya kai yara hutu Birni ko Zango ya ce kar a ba su lemon kwalba, sai an ce ya koyo rowar Nasara. Na kuma san inda maganar ta samo tushe. Mu da muka ga abin da tamowa ta yi wa yara a 2005, yaron da ya yi kumatu abin godiya ne a wurinmu.

To nan Faransa matsalar a juye take. Abin da ya fi arha shi ne mai sa ƙiba. Gwangwanin Coca-Cola ɗaya na ɗauke da sukari giram 35, wajen ƙwaya bakwai ke nan. Ke da kanki ba za ki zuba wa yaro ƙwaya bakwai a kofin kunu ba, amma a gidan abinci sai ya shanye ya nemi ƙari. Ga shi yaran nan ba aike, ba ɗiban ruwa, lokacin sanyi kuwa daga lakwal sai ɗaki. Kowane yaro yana da littafin lafiyarsa tun daga haihuwa. Likita zai ɗora shi a sikeli, ya auna tsayinsa, ya ɗiga biro a kan wani zane. In ɗigon ya haura layi, sai ya ajiye biron ya tambayi uwa me yaron ke sha. Tsoronsu ciwon sukari da hawan jini tun mutum bai yi gemu ba.

Gwamnati ta yi nata. Tun 2005 aka fitar da injinan sayar da lemo da alewa daga makarantu, a 2012 aka ɗora haraji a kan abin sha mai sukari, a 2017 kuma aka hana gidajen abinci tsarin nan na biya sau ɗaya ka yi ta cika kofi. In kin zauna cin abinci, ruwan famfo kyauta ne, tambaya kawai za ki yi a kawo miki.

Sai dai mu ba can ƙafarmu ta fi zuwa ba. Saboda neman halal, shagunan kebab da takos muke kai yara. Takos ɗin nan, Yaya, nama ne da soyayyen dankalin turawa da miyar cuku a naɗe cikin burodi guda, a haɗo miki da gwangwani cikin kuɗin. Da yawanmu da sun ga an rubuta halal a ƙofa hankalinsu ya kwanta, alhali yankan ne halal, maiƙon yana nan yadda yake. A ganina nan ne muka fi sakaci. Yanzu iyaye da dama sukan sayi ɗaya a raba wa yara biyu, su ce a sauya gwangwanin da ruwa.

Wajen suna da barka da salla ne ake rigimar gaske. Mai gida na jin kunya a ce an zo gidansa ba a ga manyan robobin lemo a tsakar tabarma ba. Wasu matan sun koma haɗa zoɓo da ruwan citta da hannunsu, suna rage sukari, kodayake akwai masu zuba shi har ya fi na kanti zaƙi. Dattawa kuwa har gobe suna miƙa wa jikoki kofi a ɓoye, kuma ba wanda ya isa ya yi musu magana a gaban baƙi. Sai an watse uwar yaron ta samu tsohuwa a gefe, ta ce: "Inna, likita ne ya hana." Da sunan likita kaɗai ake cin wannan gardama.