Tambaya da Amsa: In sayar da DSLR ɗina in koma mirrorless?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai ɗaukar hoton biki ne a Zariya. Ina aiki da Canon 700D da lens biyu, 18-55 da ya zo da ita da kuma 50mm. Abokan sana'a sun dame ni wai zamanin DSLR, wato kyamara mai madubi a cikinta, ya wuce, kowa ya koma mirrorless, wato marar madubi. Na ɗan tara kuɗi. In sayar da kayana duka in koma sabuwar, ko in sayi babbar DSLR ta hannu?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sanya albarka a sana'a. Abokanka suna da gaskiya, amma rabinta suka faɗa maka.

A wajen kamfanoni, gasar ta riga ta ƙare. Panasonic ce ta fara fito da mirrorless a 2008, Sony ta sa mata babbar sensa, wato farantin da ke kama hoton a cikin kyamara, a 2013 da a7, Canon da Nikon kuwa suka yi ta jan ƙafa sai a 2018 suka shigo da gaske, da EOS R da kuma Z6 da Z7. A 2020 alƙaluman ƙungiyar masu ƙera kyamara ta Japan, CIPA, suka nuna mirrorless ta zarce DSLR a yawan waɗanda ake fitarwa kasuwa. Manyan DSLR na ƙarshe na kamfanonin biyu, Nikon D6 da Canon 1D X Mark III, duk a shekarar suka fito. Pentax ce kaɗai ta kafe a kan madubi.

Sai dai kamfani ya daina ƙera abu ba shi ke nufin abin ya daina aiki ba. Bambancin fa madubi ne guda. A DSLR haske yana shiga ta lens, ya bugi madubi, ya hau zuwa idonka. Kana danna maɓalli madubin ya ɗaga, shi ne ƙarar nan ta "ƙwas" da kake ji. Mirrorless ba ta da shi, sensa ce ke kallo kullum tana aiko maka da hoton ta ɗan ƙaramin allo. Daga nan alherinta da wahalarta duk suka samo asali. Kana ganin hasken hoton tun kafin ka ɗauka, kuma tana iya kama idon amarya ta bi shi ko ana cikin tururuwar liƙi. Wannan bin idon, ni a ganina, shi kaɗai ya isa hujjar canji ga mai kuɗi. Amma allon da sensar suna shan batir ba sassautawa. A gwajin CIPA, Canon 6D Mark II tana kai hoto 1,200 da caji ɗaya, EOS R kuwa 370. Wanda zai tashi daga kamu ya wuce dina ba tare da tabbacin wuta ba, sai ya sa kuɗin batura biyu ko uku a lissafinsa. Ga kuma ƙurar hunturu: a yawancin mirrorless, kana cire lens sensa ce tsirara a gabanka. Kada ka canza lens a filin ɗaurin aure, shiga mota ko ɗaki, ka kifa bakin kyamarar ƙasa.

Yanzu ga shawarata. In hoto ne kaɗai abincinka kuma kuɗin ba su taka kara sun karya ba, nemi 6D Mark II ko 5D Mark III ta hannu. Masu komawa mirrorless a Turai da Amurka suna ta sakin su, shi ya sa suka yi araha. Ka sa a duba maka adadin hoton da ta taɓa ɗauka. 5D Mark III an yi mata ƙiyasin 150,000, in ta kusa nan ka taya da sauƙi ko ka haƙura. Ka sani 18-55 ɗinka ba zai hau su ba, don na ƙaramar sensa ne, amma 50mm zai hau, kuma a nan za ka ga abin da yake iyawa a zauren da haske bai wadata ba.

In kuwa masu biki sun fara ce maka "har da bidiyo", to mirrorless ce, ba gardama. Ko a nan ma kada ka sayar da 50mm ɗin. Akwai adafta ta EF-EOS R da ke haɗa tsofaffin lens na Canon da sababbin kyamarorin R, kuma suna aiki lafiya lau.

Abu ɗaya zan ja maka kunne a kai. In wani ya tallata maka Canon EOS M, kamar M50, yana cewa ai mirrorless ce ga araha, ka yi hattara. Canon ta daina wannan layin, kuma lens ɗinsa ba sa hawa kyamarorin R ko da adafta. 700D ɗin kuma ka bar ta a jaka, ranar da babbar ta ƙi tashi ana tsakiyar biki ita za ta fitar da kai kunya.