Idan ta ce "e", kada ki yi saurin rufe fayil

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce kin fara aiki a ofishin lauyoyin da ke tsaya wa matan Aborijin, wato 'yan asalin Ostireliya, kyauta, an ɗora miki karɓar ƙorafin da suke yi a kan ofishin, kina tambayar yadda za ki yi adalci. Na yi shekara huɗu a irin wannan wuri a jihar New South Wales ta Ostireliya.

Ƙorafin ba a fom yake zuwa ba. Mun ajiye akwati a bakin ƙofa, ya yi wata da watanni babu ko takarda ɗaya, muka zaci aikinmu ne ya yi kyau. Ashe wadda ranta ya ɓaci ɗauke ƙafa kawai take yi. Ko kuma wata dattijuwa, irin waɗanda kowa ke kira Anti, ta leƙo shan shayi, cikin hira ta ce, "Yarinyar nan sau uku ta kira ba a neme ta ba." To ƙorafin ke nan. Ki rubuta shi a ranar, sannan ki nemi mai abin ki ji ko tana so a bi.

Tsoronsu yana da tushe. Har cikin shekarun 1970 hukuma na raba su da 'ya'yansu, sai a ranar 13 ga Fabrairun 2008 Firaminista Kevin Rudd ya nemi gafara a majalisa. Galibin masu zuwa wurinmu kuwa maganar riƙon yara ce ko dukan miji ta kawo su. Matar da aka ƙwace kakarta tana ƙarama, yaya za ta yi ƙarar lauyar da ke ƙoƙarin dawo mata da ɗanta? Shi ya sa kafin komai nakan ce mata: maganar nan ba za ta taɓa shari'arki ba, in kina son wata lauya za a ba ki.

Kuskuren da har yau nake jin kunyarsa: na jero wa wata bayani, na ce "Kin gamsu ko?", ta ce e, na rufe fayil. Ba ta sake dawowa ba. Masaniyar harshe Diana Eades ta daɗe da nuna cewa da yawansu kan amsa da "e" idan mai iko ya matsa musu da tambaya, ko da ba su yarda ba, kuma dogon shiru a wurinsu ba ƙarshen magana ba ne. Ni da na tashi cikin kawaici, ai bai kamata a koya mini wannan ba. Ki bar ta ta ba da labarin yadda take so, ki daure wa shirun.

Wadda ake ƙara ba ita za ta duba ƙorafin ba, haka ma 'yar danginta ko dangin mijin mai ƙorafin, kuma a ƙaramin gari sai kin tambaya kafin ki gane wa ke da wa. Ita ma lauyar a ji ta bakinta. An taɓa kawo ƙarar wata lauya don ta rufe fayil bayan an saɓa alkawari sau uku. Da muka bincika, matar da ake tsaya wa ta tafi zaman makoki ne, nasu kuwa kan ɗauki makonni. Lauyar ƙa'ida ta bi, ƙa'idar ce ba ta san mutanen ba. Muka buɗe fayil, muka gyara ƙa'idar.

Kada ki ɓoye wa mai ƙorafi cewa akwai kwamishinan da ke karɓar ƙorafi a kan lauyoyi a jihar, kyauta ne, kuma yawanci cikin shekara 3 da faruwar abin ake kai masa. Ki rubuta mata lambar da hannunki, in ta nema ki taya ta cika takardar.